Shigar baƙar fatar Amurka cikin aikin jirgin sama: makaranta, kuɗi da gurbin aiki (1917-1978)

Gabatarwa

Aikin jirgin sama yana daga cikin sana'o'in da ba a koyonsu a gida, ba a kuma gadonsu kamar yadda ake gadon ƙira ko jima. Wanda ke son shigarsa dole ne ya sami makarantar da za ta karɓe shi, ya sami kuɗin da zai biya don ya tara awoyin tashi, sannan ya sami kamfani ko rundunar soji da za ta danƙa masa jirgi. Wato sana'a ce mai ƙofofi uku, kuma duk wanda ke riƙe da mabuɗin ɗaya daga cikinsu yana iya tsai da al'umma guda a waje ba tare da ya rubuta wata doka ba.

A cikin wannan ƙasida za mu bi tarihin baƙar fatar Amurka da waɗannan ƙofofi, daga 1917 zuwa 1978, sannan mu leƙa abin da ya biyo baya. Mun zaɓi wannan misali saboda dalilai biyu. Na farko, tarihi ne da ya bar shaidu a rubuce: dokoki, hukunce-hukuncen kotu, rahotannin soji da jaridu. Na biyu, tarihi ne da ya ratsa ta Faransa, da Habasha, da Afirka ta Arewa. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: mene ne ya buɗe ko wace ƙofa, kuma don me buɗe ɗaya bai taɓa wadatarwa ba?

1. Sai an ƙetare teku

Jirgin ƴan'uwan nan biyu, su Wright, ya tashi a 1903, lokacin da jahohin kudancin Amurka ke tsaurara dokokin wariyar launin fata a makaranta, da jirgin ƙasa, da asibiti. Makarantun tuƙin jirgi na farko na ƴan kasuwa ne, ko wane mai makaranta yana zaɓen wanda ya ga dama, kuma ba su zaɓen baƙar fata. Shi ya sa mutane biyun da ake fara ambata a wannan tarihi duk a Faransa suka koyi tuƙi.

Eugene Bullard, haifaffen jahar Jojiya a 1895, ya bar Amurka yana matashi, ya shiga rundunar baƙi ta sojin Faransa a 1914, aka ji masa rauni a Verdun a 1916. Da ya warke ya koma sashen jiragen sama, ya sami takardar shaidar tuƙi a watan Mayu 1917, ya kuma yi fita yaƙi wajen 20. Da Amurka ta shiga yaƙin a wannan shekara ta karɓi ƴan ƙasarta masu tuƙi a ƙarƙashin tutar Faransa, amma ta bar Bullard. Faransa ta ba shi lambar girmamawarta ta Légion d'honneur a 1959, lokacin yana aikin hawa da sauka da mutane a na'urar wani dogon bene a Nuyok. Sai a 1994, shekara 33 bayan rasuwarsa, sojin saman Amurka suka ba shi muƙamin hafsa.

Bessie Coleman kuwa an haife ta a Teksas a 1892, ta tashi tana cirar auduga. Ta shiga babbar makaranta a Langston, amma kuɗi suka ƙare bayan zango ɗaya. A Shikago, inda take aikin gyaran akaifa a shagon aski, babu makarantar tuƙin da ta yarda ta karɓe ta. Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, ya ba ta shawara ta nufi Faransa. Ta koyi Faransanci, ta tafi a watan Nuwamba 1920 da taimakon Abbott da wani mai banki baƙar fata, Jesse Binga, ta shiga makarantar ƴan'uwa Caudron a Le Crotoy. Ranar 15 ga Yuni 1921 ta karɓi takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa. Burinta shi ne ta buɗe makaranta a Amurka, kuma don tara kuɗin ne take wasan jirgi a gaban jama'a. Ranar 30 ga Afrilu 1926, a Jacksonville, ta faɗo daga wani tsohon jirgi da ta saya don shi ne ƙarfinta ya kai, ta rasu tana da shekara 34.

Mu lura da cewa a labarin Coleman ƙofa ta farko da ta biyu duk sun bayyana: wariya ta kore ta zuwa Faransa, talauci ya sa ta cikin tsohon jirgi. Shekara guda kafin rasuwarta, a 1925, makarantar manyan hafsoshin sojin Amurka ta fitar da wani rahoto da ya yi iƙirarin cewa baƙar fata ba shi da basira ko jarumtar da aikin fasaha ke buƙata. Wannan rahoto shi ne madogarar hafsoshi har zuwa yaƙin duniya na biyu.

2. Ƙungiyoyin kai-da-kai

Bayan 1926 aikin ya tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma hannun ƙungiyoyi, a birane biyu.

A Los Anjeles, William Powell, injiniya ne da ya sayar da gidajen mansa na Shikago don ya koyi tuƙi, ya kafa ƙungiya da sunan Bessie Coleman a 1929. A cikin littafinsa Black Wings na 1934 ya yi kira ga matasa su shiga dukan rassan sana'ar, wato kanikanci, da zanen jirgi, da kasuwancinsa, tun tana sabuwa, kafin a cika gurabe a rufe. Abokin aikinsa James Banning, tare da makanike Thomas Allen, sun ratsa Amurka daga Los Anjeles zuwa Nuyok a 1932 cikin jirgin da aka harhaɗa da tsofaffin kaya. Awoyin tashinsu ba su wuce 42 ba, amma tafiyar ta ci kwana 21, domin a ko wane zango sai sun nemi kuɗin mai daga jama'a, wanda ya taimaka kuwa ya rubuta sunansa a fiffiken jirgin. A 1933 Banning ya rasu a wani wasan jirgi a San Diego yana zaune a kujerar fasinja, bayan an hana shi tuƙin jirgin.

A Shikago, makanikan mota biyu, Cornelius Coffey da John Robinson, sun nemi shiga makarantar Curtiss-Wright ta wasiƙa, aka karɓe su, da aka gan su aka janye. Robinson ya nemi aikin shara a makarantar, yana shara yana sauraron darasi. Su biyun suka ƙera wani ƙaramin jirgi da injin babur, abin da ya sa daga baya aka karɓe su, suka gama a 1931. A shekarar suka kafa ƙungiyar matuƙa mai suna Challenger. Da yake filayen jiragen birnin ba su ba su wuri, suka share nasu filin a Robbins, garin baƙar fata, wanda iska ta rushe rumfarsa a 1933. Jirgin farko na ƙungiyar wata ma'aikaciyar jinya ce, Janet Harmon, ta saya da albashinta. Willa Brown, malamar makaranta, ta sami takardar tuƙi a 1938, kuma ita da Coffey suka tafiyar da makarantar da ke ɗauke da sunansa, wadda ke karɓar maza da mata.

Robinson tsohon ɗalibin Tuskegee ne a jahar Alabama, kuma a 1934 ya tuƙa jirgi zuwa can don ya shawo kan shugabannin makarantar su buɗe sashen jiragen sama, amma bai yi nasara ba a lokacin. A 1935, da Italiya ta shirya mamaye Habasha, ya tafi ya shugabanci ƴan jiragen da sarki Haile Selassie ke da su. Ya koma Habasha a 1944 ya horar da matuƙa, ya rasu a Addis Ababa a 1954 sakamakon haɗarin jirgi.

Sai mu ƙara da Charles Anderson na jahar Pennsylvania, wanda da ya rasa malami ya sayi jirgi da ajiyarsa da bashi, ya koya wa kansa tashi da sauka, ya sami takardar farko a 1929. Wani matuƙi Bajamushe, Ernst Buehl, shi ne ya yarda ya shirya shi har ya sami takardar jigilar fasinja a 1932.

Waɗannan ƙungiyoyi ba su yaye mutane da yawa ba, domin aljihun makanike da malamar makaranta ba ya ɗaukar nauyin horon jama'a. Amma sun tanadi abu biyu da suka yi amfani daga baya: malamai masu takardun da hukuma ta yarda da su, da kuma jaridu irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier da suka mai da maganar ta zama ta siyasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. Dokar 1939: gwamnati ta ɗauki nauyin biya

Abin da ya sauya lissafi shi ne tsoron yaƙi. Ganin yadda Jamus da Italiya ke horar da dubban matasa, gwamnatin shugaba Franklin Roosevelt ta ƙudura yin haka ta hanyar jami'o'i. Dokoki biyu aka yi a 1939, kuma kwatanta su yana da amfani.

Ta farko, ta watan Afrilu, ta shafi faɗaɗa sojin sama. Sanata Harry Schwartz ya saka mata sharaɗin cewa a keɓe aƙalla makaranta ɗaya don horar da baƙar fata. Hafsoshi suka fassara sharaɗin yadda suka so: dokar ta ce a horar, ba ta ce a ɗauka aiki ba. Saboda haka ba ta haifar da komi ba a lokacin.

Ta biyu, ta watan Yuni, ta kafa shirin horar da matuƙa farar hula. A watan Mayu, ana cikin muhawara a kanta, Chauncey Spencer da Dale White na Shikago suka yi hayar wani tsohon jirgi suka tashi zuwa Washinton don su nuna wa ƴan majalisa cewa baƙar fata na tuƙi, a can ne kuma suka gana da sanata Harry Truman. Ɗan majalisa Everett Dirksen ya saka wa dokar sharaɗin cewa ba za a hana kowa amfanin shirin saboda launi ko addini ba. Tsarin shirin mai sauƙi ne: awa 72 na darasi a aji, awa 35 zuwa 50 a sama, gwamnati ke biya, ɗalibi ba ya ba da fiye da dalar Amurka 40. An saka manyan makarantun baƙar fata shida: Tuskegee, Howard, Hampton, Delaware, Karolina ta Arewa da Virginia ta Yamma, tare da makarantar Coffey a Shikago. Kafin a rufe shirin a 1944 ya horar da mutum fiye da 435,000, daga cikinsu baƙar fata wajen 2,000.

Bambancin dokokin biyu a fili yake. Ta farko ta bar aiwatarwa a hannun waɗanda ba su so. Ta biyu ta zo da kuɗi, ta kuma kai horon inda ɗaliban suke, cikin makarantun da suka riga suka sani. Duk da haka sai da aka sha wahala: Tuskegee ba ta da filin jirgi, ɗalibanta na farko sai sun je Montgomery, tafiyar kilomita 60 da wani abu, kafin su hau jirgi. A 1940 makarantar ta ɗauko Charles Anderson ya zama babban malamin tuƙi.

Mata ma sun shiga ta wannan ƙofa, bisa ƙa'idar mace ɗaya a kan ko wane maza goma, har wajen 2,500 suka sami horo. A 1941, da shirin ya karkata ga shirin yaƙi, aka daina karɓarsu. Mildred Hemmons, wadda ta sami takardarta a Tuskegee a wannan shekara, ta nemi shiga rukunin mata masu kai wa soji jirage, aka ƙi ta saboda launinta. Haka aka yi wa Janet Harmon. Wato mace baƙar fata an rufe mata ƙofar sau biyu.

4. Tuskegee: gwajin da aka zaci zai faɗi

A watan Janairu 1941 wani ɗalibin Howard, Yancey Williams, wanda ya gama horon farar hula, ya kai ƙarar ma'aikatar yaƙi da goyon bayan ƙungiyar NAACP. Cikin ƴan kwanakin nan ma'aikatar ta ba da sanarwar kafa rukunin jiragen yaƙi na 99, na baƙar fata zalla. Wannan shawara ta raba kan shugabannin baƙar fata. NAACP da ƙungiyar matuƙan Shikago suna son a haɗa kowa a makaranta ɗaya, suna ganin keɓe wuri a Alabama tabbatar da wariya ne. Shugaban Tuskegee, Frederick Patterson, yana ganin a kama abin da ya samu tukuna. William Hastie, mai ba ministan yaƙi shawara, ya ajiye aikinsa a Janairu 1943 don nuna ƙin yarda da wariyar da ke cikin sojin sama.

Rukunin na 99 bai fara da matuƙa ba, ya fara da makanikai. A watan Maris 1941 aka tara samari fiye da 250 a sansanin Chanute na jahar Illinois don koyon gyaran inji, da makamai, da rediyo. A wannan wata ne matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta ziyarci Tuskegee ta shiga jirgin da Anderson ke tuƙi. Hoton ya zagaya jaridu, kuma asusun Rosenwald, wanda take cikin amintattunsa, ya ba da rancen dalar Amurka 175,000 don gina filin Moton. A watan Yuli mutum 13 suka fara horo, 5 suka gama a watan Maris 1942. Cikinsu akwai kyaftin Benjamin Davis, wanda ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1936 bayan shekara huɗu abokan karatunsa ba su yi masa magana sai ta aiki.

A watan Afrilu 1943 rukunin ya sauka a Maroko, ya wuce Tunisiya, ya fara yaƙi a watan Yuni a kan tsibirin Pantelleria. A watan Satumba wani kanar, William Momyer, ya rubuta rahoto yana neman a janye su daga fagen daga. Davis ya je Washinton ya kare mutanensa, kuma a ranakun 27 da 28 ga Janairu 1944, a Anzio, suka kakkaɓo jiragen Jamus fiye da 10. Daga nan aka haɗa su cikin babban rukuni na 332, mai rakiyar jiragen bama-bamai daga Ramitelli a Italiya. An daɗe ana cewa ba su taɓa rasa jirgin da suka yi wa rakiya ba. Binciken Daniel Haulman, masanin tarihin sojin sama, ya nuna cewa an rasa jirage 27 a cikin rakiya 179, alhali matsakaicin asarar sauran rukunonin rundunar ya kai 46. Gaskiyar lissafin ta isa rushe rahoton 1925 ba tare da an ƙara mata gishiri ba.

Tuskegee ta yaye matuƙa 992, har da ƴan Haiti 5. Mutum 355 ne suka je fagen yaƙi, 32 aka kama su fursuna. Amma waɗanda suka yi aiki cikin shirin baki ɗaya, makanikai, da masu duban yanayi, da masu rediyo, da ma'aikatan jinya, sun haura 10,000 nesa. Wannan shi ne abin da Powell ya hango tun 1934: bayan ko wane matuƙi akwai sana'o'i da yawa.

Wariya ba ta ƙare da nasarar yaƙi ba. A watan Afrilu 1945, a sansanin Freeman na jahar Indiana, an tsare hafsoshi baƙar fata 101 saboda sun ƙi sa hannu a takardar da ta hana su shiga gidan shaƙatawar hafsoshi. Ranar 26 ga Yuli 1948 Truman, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a umurni mai lamba 9981 na daidaita kowa cikin soji. Sojin sama suka aiwatar a 1949, kuma Davis ya zama janar a 1954.

5. Ƙofa ta uku: kamfanoni

A nan ne tarihin ya fi koyarwa. Bayan 1945 kamfanonin jigilar fasinja suka bunƙasa, suka kwashi dubban tsofaffin matuƙan soji, amma ba su ɗauki ko ɗaya daga cikin na Tuskegee ba. Ba za a ce babu ƙwararru ba, tunda ga su ɗari tara da wani abu. August Martin, wanda ya gama Tuskegee a 1945, sai da ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Nuyok kafin kamfanin kaya na Seaboard ya ɗauke shi a 1955. Ya rasu a 1968 yana ƙoƙarin sauka a Uli da kayan agaji lokacin yaƙin basasar Najeriya. Perry Young, malamin tuƙi a Tuskegee, sai da ya yi shekaru a tsibiran Karibiyan kafin New York Airways ya ba shi jirgi mai saukar ungulu a ƙarshen 1956.

Wani abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci kamfanin TWA na Amurka ne ke tafiyar da kamfanin jiragen Habasha bisa yarjejeniyar 1945, yana horar da ƴan ƙasar, har Alemayehu Abebe ya zama kyaftin a 1957. Abin da ya yiwu a Addis Ababa, inda gwamnati ta nace a kansa, bai yiwu a manyan kamfanonin fasinja na Amurka ba sai bayan shekaru.

Wanda ya karya ƙofar shi ne Marlon Green, haifaffen jahar Arkansas, wanda ya yi shekara 9 cikin sojin sama ya tara awa fiye da 3,000. A 1957 ya nemi aiki a Continental bai cika gurbin launin fata a takarda ba. Aka kira shi, ya ci gwaji, aka ɗauki fararen fatar da ba su kai shi awoyi ba aka bar shi. Hukumar yaƙi da wariya ta jahar Kolorado ta ba shi gaskiya, amma kotun jahar ta ce dokar jaha ba ta hau kan kamfanin da ke zirga-zirga tsakanin jahohi. Ranar 22 ga Afrilu 1963 kotun ƙoli ta Amurka, baki ɗayan alƙalanta, ta soke wannan hukunci. Green ya fara tuƙi a 1965, bayan shekara 8, aka kuma lissafa masa daɗewar aiki daga 1957. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kamfanonin nan ranar da aka ɗauki mutum ita ke yanke lokacin da zai zama kyaftin, da jirgin da zai tuƙa, da wanda za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Wanda aka jinkirta ɗaukarsa yana biyan bashin jinkirin har ranar ritaya.

Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki, kuma a watan Disamba na shekarar American Airlines ya ɗauki David Harris. Mata sun jira fiye da haka: Emily Howell a Frontier da Bonnie Tiburzi a American a 1973, sai Jill Brown, baƙar fata, a Texas International a 1978. A 1976 kamfanin United ya amince gaban kotu da ƙara ɗaukar baƙar fata da mata, bayan ƙarar da gwamnatin tarayya ta shigar a 1973. A shekarar ne matuƙa baƙar fata, waɗanda ba su kai 100 ba a dukan kamfanonin ƙasar, suka kafa ƙungiyarsu, wadda ta mai da hankali ga bursi da kai yaran makaranta filin jirgi.

6. Abin da ya biyo baya

Da doka ta buɗe ƙofa ta farko da ta uku, sai ta biyu ta ƙara nauyi. A da yawancin matuƙan kamfanoni daga soji suke fitowa, inda gwamnati ke biyan horo. A yau mafi yawa da aljihunsu ko da bashi suke biya, kuma kuɗin yana kai wajen dalar Amurka 100,000 ko fiye. Bayan haɗarin da ya kashe mutum 50 kusa da Buffalo a 2009, an ɗaga awoyin da ake buƙata ga mataimakin matuƙi daga 250 zuwa 1,500, ƙa'idar da ta fara aiki a 2013. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta 2023 ta nuna baƙar fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na matuƙa ba, alhali sun kai wajen kashi 13 na jama'ar ƙasar, mata kuwa ba su kai kashi 10 ba.

A 2022 United ya buɗe makarantarsa a jahar Arizona, da burin da ya bayyana a 2021 na horar da mutum 5,000 kafin 2030, rabinsu mata ko waɗanda ba farar fata ba. Amma iska ta juya: a watan Yuni 2023 kotun ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a watan Janairu 2025 kuma gwamnatin Donald Trump ta soke irin waɗannan shirye-shirye a hukumar jiragen sama. A watan ne aka cire fim ɗin tarihin Tuskegee daga darussan sababbin sojin sama, aka mai da shi bayan ƴan kwanaki da jama'a suka yi ca.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa huɗu. Na farko, doka ba ta aiki sai ta zo da kuɗi da mai aiwatarwa, kamar yadda dokokin Afrilu da Yuni 1939 suka nuna. Na biyu, horo ya fi kama jiki in an kai shi inda ɗalibai suke, a hannun malaman da aka riga aka tanada. Na uku, takardar shaida ba gurbin aiki ba ce: tsakanin yaye ɗaliban Tuskegee na farko da ɗaukar David Harris akwai shekara 22. Na huɗu, ƙofar da aka buɗe tana iya komawa, kamar yadda ta koma wa mata a 1941.

Wariyar launin fata irin ta Amurka ba ita ce matsalarmu ba, kuma bai kamata a ɗora tarihin wata ƙasa a kan tamu kamar riga ba. Amma ƙofofin uku suna nan a ko'ina. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun kafa hukumar ASECNA ranar 12 ga Disamba 1959, kuma tun 1963 makarantarta ta EAMAC tana Yamai, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masu nazarin yanayi, da masu gyaran na'urori, wato sana'o'in da Powell ya yi kira a kansu. Laftana Ouma Laouali ta zama mace ta farko mai tuƙin jirgi cikin sojin Nijar a 2015, a 2020 kuma ta gama horon tuƙin C-130 a Little Rock, cikin jahar da aka haifi Marlon Green.

Shiga irin waɗannan makarantu da jarrabawar gasa ake yi, mai buƙatar bakaloreyar kimiyya da ƙarfi a lissafi. Ke nan tacewar tana faruwa tun shekaru kafin ranar jarrabawa: a ƙauyen Dakwaro ko Tanut inda babu malamin lissafi, a gidan da ba shi da mai riƙon yaro a birni, ko ranar da aka cire yarinya daga lakwal kafin ta kai aji na uku na sakandare. Wanda ke son sanin ko su wa za su zauna a hasumiyar filin jirgin Diori Hamani nan da shekara 15, sai ya ƙidaya ɗaliban ajin kimiyya a makarantun Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, ya duba nawa ne mata cikinsu, nawa ne kuma ɗiyan manoma da makiyaya. Wannan ƙidaya ita ce aikin da muke ganin ya kamata ya biyo bayan wannan ƙasida.